Ranar da Ƙirjina Ya Yi Tsiro

Har yanzu ban ga ranar da zan manta da abin da ya same ni a Argungu ba, tun muna cikin jihar Sakkwato.

Shekara biyu da gama sakandare aka ce ina da ciwon daji a nono. Aka kai ni Sakkwato aka cire na hagu, aka yanka mini allurai shida. Allurar ta zubar mini da gashi, ta hana ni cin abinci, amma abin da ya fi damun gwaggona, wadda nake zaune wurinta, shi ne riga ba ta zauna mini daidai. Sai ta ɗinka 'yar jaka, ta cika ta da gero, ta ɗinke ta cikin rigar nonona. Ni kuwa tun ranar aikin ban yarda na kalli wurin ba. Ido rufe nake wanka, ido rufe nake sa tufafi.

Damina ce. Na wanke rigar da jakar a ciki, ta ƙi bushewa, na mayar da ita haka nan don masu dubiya ba sa yankewa. Kwana uku sai ƙaiƙayi. Na leƙa ta wuyan riga, na ga waɗansu fararen jijiyoyi sun fito suna bin fatata. Na ce shi ke nan, ciwon ya dawo.

Kafin azahar tsakar gida ya cika da mata. Kowacce sai ta leƙa daga nesa, ta ja da baya, ta zama likita. Wata ta ce aljanin gulbi ne, wata ta ce asiri aka binne mini a bakin ƙofa. Wata ta shiga jero mini waɗanda ta sani sun mutu a haka, wai don in ƙara tawakkali. Gwaggo, mai ɗinkin jakar da hannunta, ita ta yanke hukunci: "Allurar nan ce ke yi mishi taki. An gama da ita, ɗiyata. Gobe sai wurin mai magani."

Saura allura uku, kuma wallahi na yarda in bari.

Allah ya kawo yayana da ke aiki a Birnin Kebbi. Ya roƙi Gwaggo a fara nuna wa maƙwabciyarsa a unguwar Nasarawa, wata nas 'yar Filato. Da safe muka shiga mota har da Gwaggo, ina ta kalmar shahada har muka isa.

Nas ta wanke hannu, ta ce in tuɓe. Na ce ba zan iya ba. Ta kwance rigar da kanta, ta sa wa jakar almakashi, ta zazzage geron da ke ciki a faranti, duk ya yi tsiro. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ƙanwata, wa ya yi miki shukar nan?"

Gwaggo ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta jujjuya, ta ce ai dama irin gidansu bai taɓa ƙin fitowa ba.

Ni ban yi dariya ba, kuka na yi. Nas ta riƙe mini madubi, ta ce ba zan fita ba sai na duba. Tabo ne kawai, ya warke sumul. Na koma Sakkwato na ƙarasa alluraina.

Abin da na koya shi ne, masu magani sun fi masu dubawa yawa. Duk taron nan ba wadda ta ɗaga rigar, har da ni mai jikin, kuma saura kaɗan in bar maganin da ya raya ni saboda gero cikin tafin hannu.