Sukari Ba Ya Ruɓewa

A gidanmu na unguwar Umbadda sabon abinci na ajiya ne, tsoho shi ne na ci. Duk abin da Baba ya shigo da shi daga Kasuwar Umdurman, inda yake sayar da albasa, Inna za ta karɓa, ta shinshina, ta yaba, sannan ta binne shi can ƙasan barmil, ta zaƙulo mana wanda ya kusa gajiya da duniya. Haka muka tashi, kullum muna cin na bara muna gadin na bana.

Barmil ɗin wani tsohon durom ne na ƙarfe mai murfi. Da shi da tabarma iyayena suka baro Jazira, bayan sun gaji da tsintar audugar wasu. Inna ta ɗora shi bisa bulo a kusurwar ɗaki, ta zagaye shi da toka saboda kiyashi, ta lulluɓe shi da zane, ta aza rediyo a kai. Dalilin zanen kuwa, tun da sojoji suka hau mulki ɓoye abinci ya zama babban laifi, kuma 'yan kwamitin unguwa sukan leƙo gidaje ba sallama. Sun sha shigowa su tarar da rediyon yana zuba bayanin cewa ƙasa ta ƙoshi, abin da muka noma shi muke ci, su gyaɗa kai su fita. Ban san wani aikin alheri da rediyon nan ya taɓa yi mana ba bayan wannan.

Inna ba ta iya karanta kwanan watan da ake bugawa a jikin gwangwani, ba ta ma yarda da shi ba. Takan ce wanda ya buga bai taɓa kwana a ɗakinmu da bazara ba. Nata lissafin yana cikin hanci da yatsu. Dawa in an gauraya ta da toka da ganyen darbejiya takan kai wani girbin. Wake sai da busasshen barkono, in ba haka ba ƙwari su riga ka. Busasshiyar kuɓewa, wadda Larabawan unguwa ke kira weka, ba a daka ta sai ranar da za a kaɗa, don gari yana saurin rasa yauƙi. Man girki shi ne marar haƙuri, da ya sha zafi sai ya juya. Sharmut, wato naman da ake yanyanawa siriri a shanya a igiya, shekara ce iyakarsa. Idan muka yi ƙorafi, amsa ɗaya ce: ba a fafe gora ranar tafiya. Mun tambaye ta wace tafiya ce wannan da ba ta zuwa, ta ce wanda ya tambaya bai taɓa jin kiɗan soja a rediyo da cikinsa wayam ba.

Cikin duk 'ya'yan barmil, sukari ne ɗan lelenta. Da katin rabo ake samunsa a lokacin, bayan an sha layi cikin rana, kuma abin da za a auno wa gida guda bai isa ya ɓata wa shayi rai ba. Duk da haka sai ta tsakuri kaɗan ta zuba a wani gwangwanin madara. Kullum sai ta yi masa kirari, wai komai yana da ranarsa amma sukari ba ya ruɓewa, in dai an raba shi da ruwa da kiyashi, zai iya binne mai shi.

Maƙiyin gwangwanin nan na uku shi ne Yayana. Yana koyon ɗinki a kasuwa, kuma Allah ya yi shi da kwaɗayin zaƙi. Dabararsa ita ce ya lashi cokali ya tsoma, don ya fi ɗaukowa. Ba ta taɓa kama shi a kai ba, amma dunƙulen da jiƙaƙƙen cokali ke bari ya isa shaida a kowace kotu. Ta bi shi da muciya har ƙofar gida, shi yana dariya yana rantsuwa cewa kiyashi ne, ita tana cewa ba ta taɓa ganin kiyashi mai gashin baki ba.

Wata safiya maigidansa ya aike shi kasuwar Suk al-Shabi sayen wani ƙarfen keken ɗinki. Sojoji suka tare motar da ya shiga, suka sauke duk wani saurayi da ke ciki. Ƙasa tana buƙatar jarumai, ita kuma ba ta da lokacin tambayar iyayensu. Aka aske su, aka koya musu tafiya a layi, aka tura su kudu, inda ake yaƙi. Sau ɗaya muka sami labarinsa, daga bakin wani ɗan unguwa da ya dawo da ƙafa ɗaya. Ya ce yana nan da rai, ya rame, kuma yana gaishe da gwangwanin madara.

Daga nan tafiyar da ake fafe gora dominta ta sami suna, ta zama ranar dawowar Yaya. Kowace babbar sallah Inna takan ware naman da ya fi kyau ta yi masa sharmut, ta ƙulle a ƙyalle, ta sa a barmil. In shekara ta zagayo bai dawo ba, sai ta fito da tsohon ta yi mana miya, ta shanya sabo. Mu da muke gabanta, masu baki da ciki, muka koma masu cin ragowar wanda ba ya nan. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma kowace sallah idan na ga naman nan a igiya sai hankalina ya kwanta, don muddin Inna tana shanya, to Yaya yana hanya.

Sai wata rana da hantsi mota mai lasifika ta tsaya a ƙofarmu. Wasu mutane masu tsabtar jallabiya suka sauko suna kabbara, suka kama hannun Baba suna taya shi murna. Suka ce ɗansa ya yi shahada, yanzu haka ango ne a Aljanna, don haka wannan biki ne, kuka bai dace ba. Baba ya tambayi inda aka binne shi, suka ce wuri mai albarka. Suka yi waƙoƙinsu, suka sha ruwanmu, suka tafi. A tsakar gida suka bar garwar mai da buhun sukari, cikakke, ɗinkin bakinsa ko zare bai zare ba. Shekara da shekaru Inna tana bin layi don abin da bai cika tafin hannu ba, ashe ga hanya mai sauƙi, ba wanda ya gaya mata.

Baba bai iya mayarwa ba. A lokacin mayar da kyautar hukuma ma wata magana ce, kuma yana da sauran 'ya'ya. Inna ba ta yi kuka ba, abin da ya sa matan unguwa suka yaba imaninta. Ni na san ba imani ba ne. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, buhu kawai ta gani, kuma a wurinta duk wanda ya sa sukarin nan a baki ya yarda an biya.

Man dai ya nuna tarbiyya. Ta bar garwar a rana, bazara ɗaya ya juya ya fara wari, ta tuttular da shi bayan gida da zuciya ɗaya, tunda abin da ya lalace ba zunubi a zubar da shi. Buhun ne ya zame mata ƙarfen ƙafa. Ba za ta ci ba. Ba za ta zubar da abinci mai kyau ba, ita da ke tsince ƙwayar dawa a ƙasa ta hure. Maƙwabciyarmu da za ta aurar da 'ya ta zo roƙon kwano biyu, Inna ta ce ba da wannan za a yi wa yarinya buɗar kai ba. Baba ya je ya tambayo malamin masallaci, ya dawo da fatawa cewa halal ne tsantsa. Inna ta kwance bakin buhun, ta miƙa masa cokali.

"Halal ne, malam ya faɗa. Bisimilla, sha."

Ya riƙe cokalin har shayinsa ya huce, sannan ya shanye shi da ɗacinsa. Haka muka zama gidan da ya fi kowane gida sukari a layinmu, kuma gidan da baƙo ke yamutsa fuska in an ba shi shayi. Sallah ta zo, Inna ta yanyana nama ta shanya, kamar mota ba ta taɓa tsayawa a ƙofarmu ba.

Da damina ta ja buhun ƙarƙashin inda rufi ke yoyo. Ya jiƙe, ya bushe, ya dunƙule kamar dutse. Ta fasa gefe ta shinshina, ta miƙo min in duba ko ya yi tsami. Na ɗanɗana, na ce mata lafiyarsa ƙalau. Ta dube shi ta ce dama ta faɗa, zai iya binne mai shi. A karon nan babu kirari a muryarta.

Bayan 'yan kwanaki na fito shara na tarar ta jawo shi gindin katanga, a ƙasa, baki buɗe, babu bulo babu toka. Ta farfasa dunƙulen da taɓarya. Kiyashin da ta yi rayuwarta tana yaƙa sun ja layi daga ramin katanga zuwa buhu, layi mai tsari, ba turereniya, ba katin rabo. Na ɗaga tsintsiya, ta riƙe min hannu.

"Kada ki taɓa su. Aiki suke min. Su ba su san kuɗin mene ne ba."

Aikin ya ɗauki watanni. Takan ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da su tana tsince wake, wani lokaci ta yi musu faɗa in ta ga sun yi sanyi. Idan rana ta sake dunƙule shi, ta ƙara farfasa musu. Buhun ya yi ta sacewa har ya kwanta. Ranar da ta ɗaga shi ta ji ba nauyi, ta kakkaɓe, ta kai shi murhu.

Sannan ta shiga ɗaki, ta sauke rediyo, ta yaye zane, ta buɗe barmil. Ta fito da ƙullin sharmut ɗin Yaya, ta ce in jawo turmi. Na ce mata ai wannan na sallar nan ne da ta wuce, ko rabin lokacinsa bai ci ba.

"Na sani," in ji ta. "Daka."

Na daka. Ta kaɗa miyar weka, ta tuƙa tuwo, ta zuba wa kowa har da maƙwabta, ta ce a yi wa ɗanta addu'a. Ranar ce kaɗai na ci sharmut a gidanmu kafin ya tsufa. Sallar da ta biyo baya igiyar tsakar gida kayan wanki kawai ta ɗauka.