Neman Arzika a Filingue

Lahadi

Na bar ƙauyenmu da asuba a kan jaki, ƙasa na ƙamshin ruwan farko. A Kurfai tamu ba mai shuka sai maƙerin gari ya buga kowace hauya sau uku a kan uwar maƙera ta kakanni. Babanmu ya makance, maƙerin yanzu shi ne wana Arzika, shi kuwa yana Filingue. Wani kamfanin fata na Nasara ya taso daga Yamai saboda arhar haya da ta fatu, ya kwashe majema da maƙera na ƙasar nan. Aka ce in je in zo da shi kafin laima ta gudu.

Ƙarfe tara na isa Bonkuku, na bar jakin wajen wani aboki, na hau kamyon, wato babbar motar dakon gero, da dala biyu. Gardi ya tsare mu a hanya yana duba takardar haraji, muka yi awa guda a rana.

Filingue

Da azahar na sami Arzika a bayan kasuwa, cikin rumfar kwano, yana wasa wuƙaƙen jima. Ya yi ƙiba, har da agogo a hannu. Ya sayo mini fura, na sha ina faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Ba ni iya tahiya," in ji shi. "Na dangwala yatsa ga takarda. In na hita kwana guda, wani za su ɗauka."

"Yaya, gari duka kai aka jira."

Ya shiga ɗaki ya fito da masabar babanmu, gudumarsa ta ƙira, ya ɗora mini a cinya. "Kai ma ɗan maƙera na. Tahi ka buga." Ya koma kan wuƙaƙensa bai dube ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauki masabar na fita.

Litinin

Da la'asar na iso gida. Dattawa suka dubi bayana, babu kowa, suka jera hauyoyi a gabana. Ni da ban taɓa ƙera ko allura ba na ɗaga masaba. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen gari da ba wanda ya yi dariya.

Baba na zaune a ƙofar maƙera, ya kasa kunne. A bugu na uku ya juyar da fuska bango.

"Wanga ba hannun Arzika ba na," in ji shi.