Ɗan notin murfin tanki

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran janareta a Titin Bauchi kafin kawuna ya sayo kwalekwale da injinsa daga Lakwaja. Niyyarsa ya riƙa zagayawa da masu yawon shan iska a wani tsohon tafkin haƙar kuza da ke bayan gari. Mu mutanen Jos me muka sani game da jirgin ruwa? Amma inji inji ne, sai ya ce ni zan kula da shi.

Injin kuwa yana da wani hali. In aka ja igiya zai tashi garau, ya yi gudu kamar minti goma, sai ƙarfinsa ya fara raguwa, ya yi tari, ya mutu a tsakiyar ruwa. Na canja filogi, na wanke kabureta sau biyu, na duba tiyon mai, na sake gauraya fetur da baƙin mai daidai awo, na leƙa farfela ko ciyawa ta naɗe ta. Duk a banza.

Akwai mijin 'yar kawu, wanda ya taɓa zaman shekara biyu a Legas, shi ya sa yake ganin a teku aka yanke masa cibiya. Shi ke cika tanki kowace safiya. Ranar da injin ya mutu karo na biyar, a gaban masu kamun kifi da mai sayar da gasasshiyar masara, ya nuna ni, ya ce wa kawu, "Baba, abeg, injin ruwa ba janaretan mai shayi ba ne. Hannunsa ne ya kashe shi." Aka yi dariya. Kawu bai ko dube ni ba, ya ce in cire hannuna daga injin, in bar wa surukinsa. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai unguwarmu Rikkos, wasu masu kawo mini gyara suka koma wajen maƙwabcina. Na tsani mutumin nan, tsana ta gaske.

Ban daina zuwa tafkin ba. Nakan zauna a kan dutse in zuba masa ido, don in ga yadda gwanin Legas zai ƙare. A nan na lura da tankin man, wani ja na roba: duk lokacin da injin ya mutu suka dawo suna tuƙi da filafili, gefensa ya lotse ciki kamar galan ɗin da aka taka. Da ya buɗe murfin don duba mai, sai in ji tankin ya ja iska, fuu, injin kuma ya tashi lafiya lau. Washegari na ga sauran. Bayan ya zuba mai, ya kama ɗan notin da ke saman murfin ya murɗe shi tamau, wai kada ruwan saman Jos ya shiga fetur. Ta nan tankin ke shaƙar iska. In an toshe, mai ba zai sauka ba.

Na yi shiru da bakina. Mako uku ina kallonsa yana kwance inji yana ɗaurawa, yana sayo kayan da ba su lalace ba, gumi na zuba masa a sanyin damina. Kullum nakan ce, "Oga, sannu da aiki." Daɗin da nake ji ba ya misaltuwa.

Ranar Sallah ya shelanta cewa ya gama gyara. Ya gayyato abokansa, ya ɗora uku a jirgi, ya sa matarsa ta zauna a gaba. Ina gani ya murɗe notin. Na gyara zama.

Daidai tsakiyar tafkin, inda masu haƙar kuza suka fi zurfafawa, injin ya mutu. Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa jirgin. Ya ja igiya har rigarsa ta yage a hammata, kuma don tsabar yarda da kansa ko filafili bai ɗauka ba. Na bari sai da jama'ar da ke bakin ruwa suka taru sosai, sannan na roƙi wani masunci ya kai ni da kwalekwalensa. Muna isa na miƙa yatsu biyu na sassauta notin. Na matsa ɗan famfon tiyon mai, na ce masa, "Ja, Oga." Ja ɗaya injin ya tashi. Abokansa suka fashe da dariya, shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

A gaɓa kawu ya ja ni gefe, ruwa ya fara sauka. Ya ce, "Yaushe ka gano?"

Da na so sai in ce yanzu. Amma ina son ya san iyakar abin da na yi, na ce, "Mako uku ke nan, Kawu."

Ya juya ya dubi 'yarsa, ana riƙe da hannunta tana fitowa daga jirgin, cikinta wata bakwai. Ya ce, "Ita kuma me ta yi maka?"

Ba ta yi mini komai ba. Gaskiyar magana, duk tsawon lokacin da nake zaune a kan dutsen nan ina jiran injin ya mutu, ban ko tuna tana cikin jirgin ba.