Ranar da Na Kai Kiɗan Dije Gonar Baba

Fayafayan nan ba saye na yi ba. Ɗan baffana direba ne mai ɗauko motoci daga Kwatano, shi ya tsince su a wata ƙaramar jaka a ƙarƙashin kujerar motar da ya kawo, mai motar na can Turai ya manta da su. Ya ce ya saka ɗaya a hanya, ya yi ta jiran mawaƙi ya buɗe baki har ya wuce garuruwa uku, shiru kake ji, sai dukan ganga kawai. Da ya iso Birnin Kudu ya biyo ta shagon da nake buga wa mutane takardu a kwamfuta, ya jefo min jakar a kan tebur, ya ce tunda ni mai son kayan wahala ne in gwada.

Na gwada, kuma na kamu. Kiɗan gidajen rawa ne na Turai, wanda masu shi ke kira haus da tirans. Ba mutum ɗaya ya yi kiɗan ba. Wani mai haɗa kiɗa ne, wanda suke kira dije, yake tattaro na mutane daban-daban, goma sha biyar ko fiye, ya haɗa su wuri guda a faifai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne haɗin. Kafin wannan kiɗa ya ƙare ya riga ya shigo da na gaba ta ƙarƙashinsa, gangunan biyu suna tafiya ƙafa ɗaya, har ka farga na farkon ya tafi ba ka ga fitarsa ba. Na sha ajiye aikin mutane ina kasa kunne don in kama inda ɗinkin yake, sai in ji an riga an wuce ni. Wallahi daɗi nake ji kamar ni aka yi wa. Mai shagon ya ce injin niƙa ne na kunna masa, na ce ya ba injin kwana uku. A rana ta huɗu na kama shi yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ce sauro ne.

Ɗaya daga ciki na fi so, na juye shi a wayata dunƙule guda yadda yake, awa ɗaya da kusan kwata, babu tsayawa ko ta haɗiyar yawu.

A daminar shekarar Baba ya faɗi a babur a hanyar Gwaram, ƙafarsa ta karye. Gonarmu ta gero da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Maruta, ciyawa ta taso mata har ta fara shaƙe shukar. Aka kira gayya. Inna ta aiko min cewa in zo, ko ruwa ne in raba wa mutane. Wannan "ko ruwa ne" ta tsaya min a wuya. Na san abin da ake faɗi a kaina a gari: ɗan boko, hannu kamar na jariri, wanda bai san nauyin fartanya ba sai na biro. Baba bai taɓa faɗa ba, amma shirunsa idan ana yabon 'ya'yan wasu ya fi faɗar zafi. Na rantse a raina layi zan kama kamar kowa, a gaban idonsa.

Sai dai gayyar garinmu tana da doka. Mai gangar noma ya kan kaɗa na ɗan lokaci, sannan ya ɗage gula a huta, a sha ruwa, a koma. Muddin ganga na tashi babu wanda zai miƙe tsaye. Duk wanda ya riga kowa miƙewa kafin a ɗage gula, shi ne ragon gayya. Shi zai je bakin hanya ya karɓo ƙwaryar fura daga hannun 'yan mata, ya ɗauko a ka yana tafe suna yi masa waƙa, kuma sunan ba ya barinsa sai wata damina ta kawo wani. Ba abin da nake tsoro a duniya ranar kamar in zama ni ne.

Da safe maza wajen ashirin suka hallara. Sai ga mai gangar ya iso hannu a naɗe da tsumma, karkare ya kama masa yatsa, ko cokali ba ya iya riƙewa. Tsoho ne mai barkwanci, ya ce shi dai ya zo cin tuwo da alƙalanci. Jikin mutane ya yi sanyi, don noman gayya ba kiɗa ba ya tafiya. Ni kuwa da shegen rawar kai sai na ce ina da kiɗa. Na zo da 'yar sifika mai batir a jakata. Aka yi min dariya, aka ce kiɗan 'yan boko me zai nome. Mai gangar ya ce a bari a ji, in ba shi da kyau ai kunne ba ya karyewa. Na rataye sifikar a reshen ɗorawar da Baba ke zaune a ƙarƙashinta da sandarsa, na kunna, na soke wayar a jaka, na ruga na kama layina tsakanin kawuna da wani saurayi maƙeri.

Kiɗan ya fara da ganga ita kaɗai, dum, dum, dum, ba sauri ba nawa. Ikon Allah, daidai da saran fartanya. Kafin mu yi taku goma kowa ya faɗa cikinta, fartanya ashirin suna sauka lokaci guda, ƙasa mai laima tana juyewa baƙa ƙirin. Sai wani siririn sauti ya shigo a kai, sai wani ya hau kan wancan, abin yana ta cika a hankali. Maƙerin ya fara gyaɗa kai. Wani daga can ƙarshen layi ya yi kirari da sunan kakansa. Mai gangar ya ɗaga murya ya ce wannan Bature ko ɗan waye, hannunsa ba ya karkacewa. Ni fa a lokacin ji nake ƙirjina zai fashe don murna. Kiɗana ne, a gonar ubana, ga manyan gari suna noma a kansa.

Sai da muka kai ƙarshen layi muka juyo na tuna. Mutanen nan jira suke makaɗi ya ɗage gula, kamar yadda kowane makaɗi mai hankali yake yi, ni kaɗai na san wannan makaɗin ba ya ɗagewa sai bayan awa guda da kwata. Ba halin in je in kashe, don sai na miƙe. Ba halin in yi wa Baba magana ya kashe, don neman a tsayar da ganga da miƙewa duk ɗaya ne a wurinmu. Shi ma Baban bai san inda ake dannawa ba, kuma ko ya sani, ba a taɓa gangar makaɗi yana tsakiyar aiki. Ballantana na hango shi yana kallon ciyawa tana kwantawa, baki har kunne.

Can sai kiɗan ya yi abin da ya saba. A irin wannan kiɗa akwai inda ganga take ɗaukewa gaba ɗaya, a bar sauti mai laushi yana yawo shi kaɗai. Mutane suka fara sakin ajiyar zuciya, bayansu ya fara ɗagowa, amma kowa yana satar kallon na kusa da shi. Mai gangar ya daka tsawa ya ce kada wanda ya kuskura, numfashi makaɗin yake ja, bai ajiye ba, shi ya san irin wannan wayon. Bai rufe baki ba sautin ya fara hawa, yana hawa, yana hawa, sai gangar ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Gona ta ɗauki ihu da dariya. Maƙerin ya ce Allah ya isa tsakaninsa da Baturen nan, amma fa saransa ya ƙara sauri. Sau uku ana yi mana haka, sau uku muna faɗawa.

Rana ta ɗago. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ƙotar fartanya ta jiƙe. Bayana kamar an ɗora min buhun masara. Amma wani abin mamaki, ban gaza ba. Na san faifan kamar yunwar cikina, na san inda kowane kiɗa zai shigo, sai nake ce wa kaina in kai na gaba kawai, in ya shigo in ce in kai na gabansa. Na wuce mutum biyu a layi. Na ji da kunnena wani yana cewa ashe ɗan bokon nan da sauransa. Na ɗan karkata kai na ga Baba ya daina kallon gonar, ni yake kallo. A lissafina saura kiɗa huɗu, wajen minti ashirin, kuma na san zan kai.

A nan ne na ji numfashin kawu.

Yayan Inna ne, ya haura sittin, kuma tun yana saurayi ba a taɓa kiransa ragon gayya ba. Duk gari an san wannan, shi ma da shi yake tinƙaho a majalisa. Ba ya da dukiya, ba ya da sarauta, wannan sunan ne abinsa. Na dube shi ta ƙasan hammatata. Leɓensa ya yi fari, gumi ya daina fito masa, fartanyar tana sauka amma ba ta cin ƙasa. Ba zai kai minti biyar ba. Kuma na san halinsa, ko dai ya miƙe ya rasa abin da ya riƙe shekara arba'in, ko ya ƙi miƙewa ya kife a kan fuskarsa. Duk a kan kiɗan da ni na kawo da rawar kaina.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Haushin kaina, haushin kawu da taurin kansa, har da haushin dijen da bai san ina yi ba. Na ƙara sara uku don zuciyata ta ƙi yarda. Sannan na jefar da fartanya, na miƙe tsaye, na kama ƙugu da hannu biyu, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wayyo bayana, ni dai na gaji."

Ai kamar jira ake. Maza suka zube a ƙasa kamar an yanke musu igiya, wasu a kwance, wasu a zaune, ana haki ana dariya har da hawaye. Kiɗan yana can a kan ɗorawa yana ta abinsa. Mai gangar ya tambaye ni wai yaushe wannan bawan Allah yake niyyar tsayawa, na ce saura minti ashirin. Ya riƙe baki, ya ce to lallai wannan ba ya sallah a kan lokaci. Da aka waiwaya aka ga abin da aka nome, an ci fiye da rabin gonar a zama ɗaya, aikin da aka saba kaiwa azahar ana yi.

Na je na ɗauko furar. 'Yan matan ba su raga min ba, har da ƙanwata a cikin masu waƙar, ita ce ma ta fi kowa murya. Na taho da ƙwarya a ka, furar tana zubo min a wuya, maza suna tafi. Kawu da ya sha ruwa ransa ya dawo, shi ya fi kowa tsiya. Ya ce ai tun ina cikin zani ya san ba za a mori wannan a gona ba, a mayar da shi wurin kwamfutarsa. Na yi dariya tare da su, amma ban iya kallon wajen Baba ba. Da na miƙa masa ludayi ya karɓa ya sha, ni kuwa ban ɗago ba.

Kafin la'asar aka gama gonar. Da aka koma aiki ni aka naɗa mai tsayar da kiɗa, tunda ragon gayya ba shi da sauran abin karewa, kuma mutane da kansu suka ce a maimaita wurin da ganga take ɓuya ta dawo. Maƙerin ya sa na tura masa faifan a wayarsa kafin ya tafi.

Da aka watse, Baba ya ce in kai kawu gida a babur ɗin maƙwabcinmu, don ƙafar kawun ta yi nauyi. Muka kama 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, yana bayana, ya riƙe kafaɗata da hannu ɗaya. Har muka wuce rijiya bai daina tsokanata ba. Da muka yi nisa da mutane sai ya bar tsokanar. Na ji hannun nasa ya ƙara matse ni.

Ya ce, "Babanka ya gani. Ni ma na gani."

Na rage gudu saboda ramuka. Da muka isa ƙofar gidansa ya sauka da ƙyar, ya gyara hularsa, ya hango maƙwabtansa zaune a kan tabarma, sai ya ɗaga murya ya ce su zo su gaisa da ragon gayyar bana.