Geron Irin Baba

Babana bai gaji gona ba, da hannunsa ya yi ta. Sa'ad da ya iso Madina yana saurayi daga ƙasar Damagaram, bakin Harra ta Yamma babu gida babu titi, baƙin dutse ne iya ganinka. Nan ya je ya tsugunna. Mutane suka ce wahalar hanya ce ta taɓa masa kai. Ya riƙa ɗaga duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya yana jera su katanga, har ƙasa ta fito. Ya haƙa rijiya, ya kafa ɗaki ɗaya na laka, daga baya ya auri mahaifiyarmu, a ɗakin aka haife ni da yayana. In ya shafa mini kai, kaushin tafinsa har gashina yake kamawa.

Dabino da na'ana'a da ciyawar dabbobi su suka ciyar da mu. Amma abin da yake ji da shi gero ne. Ranar da zai bar gida uwarsa ta ƙulle masa tafi guda a bakin tsumma. Shekaru ya yi a hanya, kuma duk inda damina ta tare shi, a Chadi ko a Sudan, sai ya roƙi ɗan fili ya shuka, ya cire iri, ya yi gaba. Bai sake ganin uwarsa ba. Geron kuwa bai taɓa tsallake shekara ba a shuka shi ba. In an yi girbi yakan zauna ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure dami guda, ya rataye a rufin ɗakin gona. Wannan damin shi ne iri. Ko tukunya ta kwana biyu ba a ɗora ba, ba mai taɓa shi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kowa a gidanmu ya shaida. Da Baba ya tsufa, mahaifiyarmu ta rasu, gari ya taso ya cinye rabin gonar, ruwan rijiya ya ja baya, ba na zuwa in tafi ba mu yi faɗa ba. In same shi cikin ranar Madina, wadda ko takalmi ba ta bari, ya duƙa yana ban ruwa.

"Baba, don girman Allah! Gero ya ƙare a kasuwa ne? Buhu nawa kake so in sauke maka?"

"Na kasuwa ciki yake cikawa," in ji shi. "Ban da ni da ƙanwata, wannan shi kaɗai ya san uwata a garin nan."

Sai in yi tsaki a ciki, in ɗauki jakata. Wallahi ina son tsohon nan kamar raina, tsoron kada rana ta kayar da shi ne yake fito mini da faɗa.

A shekararsa ta ƙarshe ɗan kaɗan ya iya shukawa, tsuntsaye suka ci nasu, abin da aka samu muka sha kununsa da azumi har ya ƙare. Dami ɗaya ya rage, na iri. Sannan ƙirji ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti. Wata la'asar ya riƙe mini hannu ya ce, "Yayanki gini zai yi a gonar nan, na sani, ban kuma hana shi ba. Ke ce mai taurin kai, ke zan bar wa. Ki je ki sauke irin nan ki kai gidanki. Ko a tukunya ne ki shuka."

Na ce, "To Baba, gobe in sha Allahu."

Gobe ta zo ban je ba. Ina koyarwa da safe, in wuce asibiti, in koma gidana a unguwar Aƙiƙ in tarar da girki. Gonar ba nisa, a mota ko shayi ba zai huce ba. Gaskiyar magana ita ce ban ɗauki abin da nauyi ba, gani nake dami yana rataye, ina za shi? Kullum na shigo sai ya tambaya. Ranar da ya tambaya a karo na biyar, matar yayana tana zaune a gefen gado tana ɓare masa lemo, na gaji, na ce, "Halas, shi ke nan Baba, na ɗauko. Yana gidana."

Ya lumshe ido ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Na karɓi albarkar nan ban ko sunkuyar da kai ba. Washegari da hantsi ya cika.

Maza suka kai shi Harami aka yi masa salla, suka rufe shi a Baƙi'a. Mu mata muka zauna makoki a gidan yayana. A rana ta uku Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ya aika aka kawo ta daga gida tun tana budurwa, yanzu ido ya tafi, ta ce ba za a tashi ba a yi wa ɗan'uwanta gumba ba, yadda ake yi a garinsu. Yaran gidan suka tambaya da Larabci mece ce gumba. Aka ce gero ne ake jiƙawa a daka da sukari a raba sadaka. Ni ina ɗaki ina karɓar gaisuwa, na ji ƙarar turmi a tsakar gida, har na ji daɗi, na ce Baba zai so wannan.

Bayan azahar aka shigo da faranti. Na gutsura na sa a baki.

Geron kasuwa ba ya wannan ƙamshin. Na san shi tun ban san sunana ba. Na miƙe ko mayafi ban gyara ba, na tarar da matar yayana tana wanke turmi.

"Ina kuka samo geron nan?"

"A ɗakin gona, yana rataye. Gwaggo ce ta ce in da hali a yi da na gonarsa."

"Duka kuka daka? Duka? Ba ki san iri ba ne?"

Ta ajiye soso ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Ai ke kika ce kin ɗauke irin. A gabana kika faɗa masa. Na ɗauka wannan saura ne."

Na tambayi inda aka zubar da ƙaiƙayi, aka ce an ba awakin maƙwabta. Na durƙusa inda aka yi sussuka ina lalube da yatsa, an share, an wanke da ruwa, tantabaru sun tsince sauran. Na sa aka kai ni gona. Igiya ce kawai take lilo a rufin ɗakin. Abin da ya tsallake hamada da teku a bakin tsumma, ni na kashe shi da kalma biyu, don kawai tsoho ya daina tambayata.

Da na dawo Gwaggo tana zaune a kan darduma da gumbarta a hannu, tana ci kaɗan-kaɗan, hawaye na bin kumatunta. Ta ji motsina ta ce, "Ke ce? Zo nan. Yau na ci geron innarmu. Baɗi in kin girbe ki ɗiba mini, kin ji?"

Na zauna kusa da ita. "To" ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta.

"Gwaggo, babu baɗi. Wannan shi ne irin. Ƙarya na yi wa Baba, ban ɗauko ba."

Ta daina tauna. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta daɗe tana juya ɗan abin da ya rage a tafinta. Sannan ta jawo bakin zanenta, ta sa shi a ciki, ta ƙulle.