Inshorar da ba ta biya ni ko kwabo ba

Na daɗe ina riƙe da wannan labari. Ƙawayena a nan sun san ina da tabon aiki a mara, amma ban taɓa gaya musu yadda aka yi ba.

A 1997 ina koyarwa a wata firamare a Bungudu. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku. Damuwata ɗaya ce: in ni ma na tafi, wa zai riƙe karatunsu?

Wata ranar albashi wani ma'aikacin kamfanin inshora ya shigo ofishin malamai. Ya ce inshorar rai iri biyu ce. Akwai ta wa'adi, shekara goma, kuɗinta kaɗan. In ka mutu a ciki a biya magadanka, in ka wuce da ranka ba ka da komai. Akwai kuma ta tsawon rai, ba ta ƙarewa, har tana tara maka wani abu. Na duba albashina, na ga in na ɗauki ta tsawon rai tuwonmu zai rasa miya.

Da na ce ta wa'adi nake so, abokan aikina suka yi ta mini dariya, wai zan biya kuɗin da ba zan gani ba. Na ɗauki ta wa'adi, don nan da shekara goma babban ɗana ya tsaya da ƙafarsa. Rarar kuɗin na zuba a adashe. Da na kwasa na sayi karsana, na ba Malam Bello, wani Bafulatani da ke kiwo a gindin duwatsun Kwatarkwashi.

Inna, mahaifiyata, ba ta ji daɗin inshorar ba. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, ranki kin ka kai kasuwa?"

A 1999 jini ya ɓalle mini. Al'ada ta zo ta ƙi tafiya. Ina rubutu a allo sai jiri ya ɗebe ni. Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji. Marata ta fara tasowa, mutane suka fara kallona, ni da ba ni da miji. Wannan kallon ya fi ciwon ƙona mini rai.

Yayana Sani ya kai ni asibiti a Gusau. Aka auna jini, aka ɗauki hoton ciki.

Likita ya ce, "Malama, ƙari ne a mahaifa. Jininki ya yi ƙasa sosai. Sai an yi aiki."

Da aka faɗi kuɗin aiki da na magani, Yaya ya juyo. "Ba kin ce kina da inshora ba? Su biya mana."

Na ce, "Yaya, sai na mutu suke biya."

Ya ce, "To, Allah shi sa su ci kuɗin."

Karsanar ta riga ta zama saniya har da ɗan maraƙi. Yaya ya kai saniyar kasuwar Tsafe, kuɗinta ya ishe mu. Jinin da aka ƙara mini ma nasa ne.

Da ake tura ni ɗakin tiyata na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma ban yi kukan yarana ba, don na san ko ban fito ba za su yi karatu.

Na farka maƙogwarona a bushe, Inna na zaune da carbi tana kallona. Na yi makonni ina tafiya a duƙe, sannan na koma aji.

Na gode wa Allah, na gode wa Yaya da Inna da Malam Bello.

'Yan'uwa mata, jini in ya wuce ƙa'ida ku tafi asibiti, kada ku tsaya jiƙo kamar ni. Mai son inshora ya tambayi malaminsa, ya tambayi kamfani yaushe suke biya, ya ɗauki wadda aljihunsa zai iya. Kuma ya ajiye wani abu a gefe, don inshorar rai ba ta biyan kuɗin asibiti.

Tawa ta ƙare ina raye, yarana duka suna makaranta, ba a ba ni ko kwabo ba. Ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.