Ƙashi a kwanon marar haƙori

Shekara goma sha tara Iya Mai-kwano tana tura keken abinci a ɗakin tsofaffi na asibitinmu, kuma ban taɓa ganin ta zaune ba. Ta raba, ta kwashe, ta dawo ta leƙa. Ni nas ce, kuma gaskiya haushinta nake ji, don ba kwanon da zai wuce ba ta buɗe shi ba, sai ka ce ɗan kunnenta ya faɗa ciki.

Ran nan ina cikin rubutu ta dire min kwano a kan takarda.

"'Yar nan, Baba na gado na shida ba ya cin abinci."

"Haba Iya! Kwana tara ina rubuta ya cinye tas. Dubi kwanon, kamar an wanke."

"To da wane haƙorin ya ci wannan?" Ta ɗago ƙashi, an gwigwiye shi har ɓargo.

Tsohon tela ne, ko haƙori ɗaya babu a bakinsa, kullum sai ramewa yake muna ɗora wa ciwon laifi.

Iya ba ta jira ni ba ta yi gaba, na bi ta da sauri. Matarsa da ke jinyarsa na ganin ƙashin ta sunkuyar da kai. Shi ne ya yi magana, da ƙyar.

"Ku ƙyale ta, ni na sa ta ci. Tun da aka fara ba ni ƙaramar ƙwayar nan bakina ya bushe, komai na sa kamar na lashi tsohon makulli. Na ga wanda ya bar abinci an zura masa roba ta hanci. Ni ba na so."

Kunya ta kama ni, wallahi, har yau ban daina jin ta ba.

Likita ya canza maganin, amma Iya ta hana kowa sakat. Sau uku take zuwa kicin, a dama masa mai ruwa-ruwa, a rage zafi, a canza cokali. Ɗakin mata na ta aike abincinsu ya huce, ta ce sanyin miya bai taɓa kashe kowa ba.

Kwana huɗu yana kau da kai. A na biyar ya haɗiyi cokali ɗaya, ya tsaya, ya miƙo baki. Da matarsa ta kai hannu za ta gyara kwanon, sai ya riƙe shi gam da hannu biyu.

"Tsohuwa, yau sai ki nemi naki."

Ta fara dariya, kuka ya ƙwace mata.